Gurbin da Ya Rage a Kwale-kwale

Rurum Tsohon Gari,
ranar Alhamis da hantsi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata Sa'adatu. Kin ga na rubuta sunanki. Kada ki yi mamaki, rubutawa ba kira ba ne, takarda kuma ba ta da idon da zan ji kunya. Tun da aka haife ki nake ce miki "ke" ko "yarinyar nan", ke kuma kina ce mini Yaya kamar yadda kika ji ƙannena suna faɗa, don haka muka tarar ana yi: uwa ba ta kama sunan 'yar fari. Yau dai na kama shi da biro.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa kun sauka lafiya, ke da maigidanki da jikata, ƙawata Ilham. Allah ya sa ƙafar da kuka sa a Badagiri ta alheri ce, ya haɗa ku da maƙwabta nagari, ya tsare ku daga sharrin hanya da na ruwa da na baki. Mahaifinki Malam yana sa muku albarka. Gobe da safe zai kai muku buhun kayan miya Rano kafin motarku ta tashi, ni kuma zan cusa wannan takarda a cikin ƙullin daddawa, don na san shi za ki fara kwancewa ranar da kika ɗora tukunyar farko. In ta yi wari ki yi haƙuri, ba ni da ɗan aiken da ya fi shi sauri.

Ranar Talata da kika zo sallama, kin zauna a bakin tabarma kina ba ƙannenki labarin abin da maigidanki ya shirya. Ni ina gefe ina tsintar shinkafa kamar ba na ji, alhali ko tsakuwa ɗaya ban fitar ba. Kika ce idan an yi hutun makaranta zai kai ku shan iska: a shiga kwale-kwale mai inji, a tsallaka wani ruwa kwantacce, a sauka a tudun yashi mai bishiyoyin kwakwa, teku na gabansa, a kafa tanti a yi kwana biyu. Kika ce jirgin mutum shida yake ɗauka ban da matuƙi. Ku uku, sai Hajiyarsa da ƙanwarsa da za su taso daga Rano, biyar ke nan, saura gurbi ɗaya. Mako guda bayan saukarku zai faɗa wa mai jirgin yawan mutane, in ba a samu na gida ba sai a ba matar abokin aikinsa. Daga nan kika juyo, ba ki dube ni ba, bango kika duba, kika ce, "Yaya, ko za ki je?"

Na ce, "Ni? Me zan yi a teku? Ku je, Allah ya kiyaye hanya."

Ilham ta ce ai Kaka tsoron ruwa take ji, ko wanka sai an yi mata dole. Aka yi dariya, na ce ja'irar nan ta bari in gama da shinkafa ta ga wanda ake yi wa wanka dole. Maganar ta wuce. A wurinku ta wuce. Gurbin nan shi ya sa na ɗauki biro, amma kin san halina, ba na iya zuwa wa magana kai tsaye, sai na yi mata zagaye kamar mai son kama akuya. Ki yi haƙuri ki biyo ni.

Tun ranar nan tambayoyi suke cina. Wai da gaske ne in mutum ya tsaya a bakin teku ba ya hango ɗaya gaɓar? Mu nan ruwan Tiga ne babban ruwanmu, amma ko shi in ka ƙura ido za ka ga duwatsu da bishiyoyi a tsallake. To ruwan da ba shi da tsallake, ido a ina yake tsayawa? Gishirinsa kamar na miyar da hannu ya zarce ne, ko ya fi haka? Kifin da ya girma a cikinsa, in an zo dafawa ana ƙara masa gishiri? Na tambayi Malam ko alwala tana yiwuwa da shi, ya ce tana yi, ruwa ne mai tsarki. Ya dube ni ya ce me ya kawo wannan tambaya, na ce saboda ke nake yi. An ce kuma ba ya yin shiru, kullum cikin ruri yake. Ina mutanen wurin suke samun barci? Ko su in sun zo nan, shirunmu ne zai hana su runtsawa?

Ban san teku ba, saboda haka ba zan yi miki ƙaryar sani ba. Abin da nake da shi kurakuraina ne. Su zan zazzage miki, ki tsinci abin da zai yi miki amfani.

Sau ɗaya tak na taɓa shiga kwale-kwale. Ina amarya, watana huɗu a gidan nan. Malam ya ce za mu je gaida gwaggonsa da ke wani ƙauye a tsallaken ruwa; ta mota zagaye ne mai nisa, ta ruwa kuwa kafin azahar an isa. Na so in burge gwaggon miji. Na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka har da man shanu, na zuba a kwanon samira, na ɗaure da tsumma na ɗora a cinya. Ban tambayi kowa ba ko ana shiga jirgi da miya. Muna tsakiyar ruwa iska ta ɗan taso, jirgin ya yi rawa, murfi ya goce, miya ta bi zanena ta gangara kan farar rigar Malam. Maimakon in zauna inda nake, sai na miƙe zumbur wai zan goge masa. Jirgin ya kwanta gefe guda har ruwa ya shigo. Matuƙin, wani dattijon masunci, ya daka mini tsawar da ko mahaifina bai taɓa yi mini irinta ba.

"Zauna, amarya! Riga ana wanke ta. Ke in kin faɗa wa zai tsamo ki?"

Na zauna. Muka isa gidan gwaggo da gayan tuwo, Malam kuma kamar an tsoma shi a tukunya an fitar. Har Allah ya yi mata rasuwa "amarya mai miya" take kirana.

To ki ji. Duk abin da zai iya zuba kada ya hau jirgi. Ki yi dambun nama, ki soya gyaɗa, ga ƙuli-ƙuli da garin rogo da yaji na saka miki a ƙasan buhu. Fura kada ki ɗauka, an ce zafin can mai gumi ne, kafin la'asar ta yi tsami. An ce ma iskar can laima gare ta, ƙuli-ƙuli yakan yi laushi, ashana ta ƙi kamawa. Ban san gaskiyar wannan ba, amma ki ƙulle su a leda biyu. In ƙarya ce ba ki rasa komai ba, in gaskiya ce ina so ki faɗa mini. Ruwan sha ki ɗauki fiye da yadda kike zato. Abin mamaki ne mutum ya ji ƙishirwa ga ruwa iya ganinsa, amma ba na sha ba ne. Ki riƙe lemun tsami da citta saboda tashin zuciya, musamman don Hajiya.

A cikin jirgi kuwa matuƙi ne sarki, ko da sa'an ƙaninki ne. In ya ce a zauna ki zauna, ko da mayafinki iska ta ɗauke. Rigar nan mai hana nutsewa da aka ce suna bayarwa, ki sa taki, ki ɗaura wa Ilham tata da hannunki kafin a tayar da inji. Na san ki da son gayu, za ki ce tana ɓata zaman hijabi. Ta ɓata ɗin. In mai jirgi ya ce ba shi da ta yara, a fasa, a nemi wani. Kada jin nauyin mutum ya sa ki hau abin da zuciyarki ba ta kwanta da shi ba.

Amma miyar ba ita ce babban kuskurena na ranar ba. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da za mu dawo da yamma, ruwa ya kwanta luf. Ni saboda kunyar abin da na yi da safe, na ja mayafi na rufe fuska, na kafa ido a katakon ƙasan jirgi. Ina jin Malam yana cewa ƙasa-ƙasa, don kada matuƙi ya ji, wai in ɗago in ga yadda rana ta zuba a kan ruwa kamar an narkar da tagulla. Ban ɗago ba. Can ya ce ga wasu fararen tsuntsaye sun jeru a kan busasshiyar bishiya a tsakiyar ruwa. Ban ɗago ba. Da muka zo gaɓa ya riga ni fita, ya miƙo mini hannu. Ta ƙasan mayafi na ga hannun, har da ragowar kuka da ta bushe a bakin rigar. Akwai mutane a wurin, sai na ƙi kamawa, na dira da kaina cikin taɓo har ƙauri. Yau in aka ce in faɗi abin da na gani a ruwan Tiga daga cikin jirgi, zan ce katako uku, da ƙusa mai tsatsa, da gwangwanin kwalfe ruwa. Tagullar nan ta Malam har yau ina ƙoƙarin ganinta a raina, ba ta taɓa fitowa daidai ba.

Ki ɗaga kanki, 'yata. Kunya ado ce, ban ce ki yar da ita ba, amma ba a yi ta don ta rufe wa mutum ikon Allah ba. In maigidanki ya ce duba, ki duba. In ya miƙo hannu wajen sauka ki kama, ko Hajiyarsa na kallo. Ita ma da za ta faɗi gaskiya, akwai hannun da ta ƙi kamawa.

Sai maganar wurin kwana. Tanti ban san shi ba, amma bukka na san ta. Shekarar da aka yaye ki, kina Kibiya wurin mahaifiyata Inna, Malam ya yi gyaɗa a wata gona mai nisa wajen Saji. Lokacin cira muka tare can na kwana huɗu. Ya kafa mana bukka a kan tudu, wuri mai tsakuwa, ba inuwa. Da ya tafi ƙarshen gona, na leƙa ƙasa na ga wani kwari, yashinsa fari tas, mai laushi kamar gari, ga inuwar tsamiya ta rufe shi. Na ce a raina maza dai ba su san wuri mai kyau ba. Na kwashe tabarma da tukunya da garin tuwonmu na kwana huɗu na saukar can, na haɗa murhu, na cire takalmi ina tura yatsu cikin yashi ina jin daɗi.

Wata dattijuwar Bafulatana ta zo wucewa da ƙwaryar nono a ka. Ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Sannu, 'yar birni. Nan kika zaɓa?" Sannan ta nuna mini da baki wasu busassun ciyayi da karare da suka maƙale a reshen wani ɗan itace, daidai ƙirjina. Ta ce, "Wa kike tsammani ya rataye waɗancan?"

Ni kalmar 'yar birnin nan ce ta tsaya mini a wuya. Na ce mata ba na sayen nono. Ta ce to, ta wuce abinta. Ban tambaye ta me take nufi ba.

Bayan azahar, sama a kanmu garau, ko ɗigo bai sauka ba, sai dai hadari can nesa wajen duwatsu. Na ji ƙara kamar babbar mota tana tahowa, a inda ba hanyar mota. Kafin in gane, ga ruwa ja wur ya shawo kwana, yana tura itace da kumfa a gabansa. Ashe a tsakiyar rafi na zauna. Na haye tudu da ludayi kaɗai a hannuna. Tukunya, tabarma, gari, takalmi ƙafa ɗaya, duk suka tafi. Ranar ɗanyar gyaɗa muka ci. Malam bai yi mini faɗa ba, abin da ya ce kawai shi ne ashe ludayin ne mafi daraja a kayanmu.

An ce teku ma haka yake. Wai yana janyewa ya bar yashi shimfiɗe kamar yana gayyatar mutum, sannan ya dawo ya karɓi abinsa, kuma kowace rana sai ya yi. In ya janye ina yake zuwa? Wa yake kiransa ya dawo? Malam ya ce yana da alaƙa da wata, ni dai ban gane yadda wata da ke sama zai ja ruwan da ke ƙasa ba. Ko ma yaya ne, kafin a buga turke ɗaya na tanti ki nemi layin da ruwa ya ajiye tarkacensa, ki wuce shi sosai zuwa tudu, ko da wurin bai kai ƙasan kyau ba. Ki nemi matan wurin ki gaishe su. Ko ba kwa jin yaren juna, murmushi da nuni da hannu sun isa a nuna miki inda ruwa ke kaiwa. In sun yi miki dariya, ki bar su su yi, dariya ba ta tafiya da tukunya. Mai tambaya ba ya ɓata. Alƙibla ma ki tambaya, kada ki ɗauka tana inda kika saba fuskanta a tsakar gidanmu. Gidan sauro kuma ya riga kayan kwalliya shiga jaka.

Ilham kuwa, kada a ce "ana kallonta". Yarinyar da kowa ke kallo ba ta da mai kallo. A ambaci sunan mutum ɗaya, a ce daga yanzu zuwa azahar tana hannun wance, in zai tashi ya damƙa ta ga wani baki da baki.

Akwai wani laifi da na yi miki ke kanki. Kin tuna littafin soyayyar nan da na ƙwace a hannunki kina sakandare, na ce na jefa shi a murhu? Ban jefa ba. Yana ƙasan adakata. In kun tafi makaranta nakan ɗauko shi, na karanta ya fi a ƙirga. A ciki wata yarinya ta tsaya a bakin teku ta cire takalmi, ruwa ya zo ya taɓa ƙafarta ya koma, yashi ya zame a ƙarƙashin dugaduganta. Saurayin bai dame ni ba, surutu ya yi masa yawa. Yashin nan ne ya tsaya mini a rai. Da gaske yana zamewa? Ranar da na ƙwace littafin, kafin in ƙwace, kin ɗago kin tambaye ni ko na taɓa son ganin teku. Sai na ce ki tashi ki yi wanke-wanke. Tun daga nan ba ki sake tambayata abin da nake so ba, sai ranar Talata. Ki yafe mini. In Ilham ta dame ki da me ya sa, me ya sa, ki amsa mata, in ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, ku je ku tambaya tare. Kuma kada ki yi kwana biyun nan kin juya wa teku baya kina fuskantar murhu. Mu mata mun iya wannan, a kai mu gaban abin kallo mu ɓuge da wankin kwano. Ki raba aiki da ƙanwar mijinki, in abinci ya makara ya makara.

Yanzu na zo kusa da inda za ni.

Da na haifi ƙaninki Bashir, Inna ta taso daga Kibiya ta zo ta yi mini wankan jego. Kwana arba'in tana dafa ruwa, tana dama kunun kanwa, tana goyon jariri. Da muka yi arba'in Malam ya ce a yi mata wani abu na godiya. Ya samo motar wani abokinsa, za a kai mu bakin madatsar ruwa mu sha iska, mu ci soyayyen kifi. Inna tun tana yarinya take jin labarin ruwan nan, ba ta taɓa ganinsa ba. Ana gobe tafiya na same ta tana tankaɗe, na ce, "Inna, za ki je?"

Ta ce, "A'a, ku je ku yara. Ruwa ai ga shi nan a randa."

Na ce to. Sau ɗaya na tambaya, na karɓi amsar na tafi guga. Washegari muka shiga mota, ta rako mu har zaure tana ɗaga mana hannu. Da muka dawo ta tsare ni da tambaya. Girmansa ya kai daga nan zuwa ina? Wane launi ne? Akwai kada? Masu jirgin ba sa jin tsoro? Na amsa mata sama-sama, don na gaji. Sai da ta miƙe ƙafa za ta tashi na ga tafin ƙafarta. Sabon lalle ne, ya kama baƙi ƙirin. Da na shiga ɗakin da take kwana ɗauko zanen goyo, na ga atamfarta ta zuwa biki a ninke a kan filo, tana ƙamshin turaren wuta. Ta ga ina kallon ƙafar, ta ja zane ta rufe, ta ce, "Zafi take yi mini, shi ya sa na ƙunsa."

Na gane. Ita ma ta gane na gane. Na ɗauki zanen goyon na fita. Na ce a raina wani jiƙon. Ta koma Kibiya, shekara ta zagayo ƙafafun suka ƙi, daga baya Allah ya karɓi abinsa. Ruwan da bai kai tafiyar rabin yini ba daga ƙofar ɗakinta, ba ta gan shi ba, saboda na tambaya sau ɗaya. Allah ya jiƙanta, ya shayar da ita daga ƙoramun Aljanna.

To ki riƙe wannan fiye da duk abin da na faɗa a baya. A'ar farko ta babba ba amsa ba ce, kara ce. Tana tsoron kada ta zama nauyi, kada a ce tsohuwa da son yawo. Hajiyar mijinki za ta ce a'a ga komai: a'a ba za ta zauna a wuri mai inuwa ba, a'a ba ta son ruwan kwakwa, a'a ba za ta taka bakin ruwa ba. Ki tambaya sau uku, ta uku ki tambaya ku biyu, ba a gaban mutane ba. Kuma kada ki dubi bakinta kaɗai, ki dubi ƙafarta.

Na daɗe ina ɗora wa kaina laifin nan ni kaɗai. Kwana biyun nan da nake juya shi, sai na ga Inna ma tana da baki. Da ta ce tana so, wa zai hana ta? Ke kuma kin tambaye ni sau ɗaya kin yi shiru, a ina kika koya in ba a wurina ba? Ba na son wata rana ki zauna da biro kina rubuta wa Ilham labarin ƙafata.

Jiya bayan la'asar na kai wa Malam ruwa a zaure, yana gyara ƙotar fartanya. Na ajiye na tsaya ban tafi ba. Ya ce lafiya? Na ce wai in mutum zai je Badagiri yini nawa ne a mota. Ya ajiye fartanyar ya dube ni.

"Tambayar alwala, tambayar kifi, tambayar wata, yau kuma ta mota. Duk don yarinyar ne?"

Na tsaya ina murza bakin mayafi, kamar ba ni na haifa masa 'ya'ya biyar ba. Ya ce lokacin hutun an gama girbi, Hajiyar surukinmu abokiyar tafiya ce ta gari, ƙannenki kuma sun isa su dafa wa kansu, in sun ƙona su ci ƙonanne. Na juya zan fita, sai ya ce, "Ki je ki gano mini. Amma wannan karon ki ɗaga mayafin."

Ashe bai manta ba.

To ga shi, zagaye ya ƙare. Ina so in je. Ki faɗa wa maigidanki kada ya ba da gurbin nan, nawa ne. Ki faɗa masa yau ɗin da kika kwance daddawar, kada ki bari sai miya ta nuna. Kada kuma ki kira ni a waya ki ce da gaske nake, don na san bakina, in na ji muryarki a'a zai ce. Ki kira Malam ki sanar da shi ranar da motar Hajiya za ta tashi, shi ke nan. Zan sa rigar nan mai hana nutsewa a kan hijabina, zan zauna inda matuƙi ya ce, ba zan riƙo miya ba. Ki gaya wa Ilham ta shirya, sai na riga ta tsoma ƙafa a teku, a ga mai tsoron ruwa tsakanina da ita.

Lalle na riga na daka, yana cikin gwangwani a kan adaka. Ba zan ƙunsa ba sai saƙonku ya iso. In kika gan shi a ƙafata ranar da na sauka daga mota, ki sani ba zafi take yi mini ba.

Allah ya yi miki albarka, ya zaunar da ke lafiya a ɗakinki, ya raya Ilham, ya buɗa wa maigidanki. Ya kwantar mana da iska, ya sassauta mana igiyar ruwa, ya tsallakar da mu lafiya ya dawo da mu lafiya, mu shida.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
wadda kike kira Yaya.